Ƙararrawar get mai kyamara da kyamarorin tsaro masu naɗa a cikin gida: wanne zan saya?

Abu Safwan:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nan da hannunsu. Gida ne a Kano, fili ƙafa 50 da 100, an gama filasta, ba a yi fenti ba, silin ma ba a rufe ba tukuna. Katanga ta zagaye shi. Get ɗin mota ɗaya ne mai ƙaramar ƙofa a jikinsa, yana kallon yamma. Idan aka bi ta gefen katanga, daga get zuwa falo zai kai mita 35.

Abin da nake so shi ne ƙararrawa mai kyamara a get, ta kebul ba ta batir ba, yadda iyali za su ga wanda ke sallama ba sai an aiki yaro ya leƙa ba. Sai kyamarori kamar shida. Ina so bidiyon ya zauna a cikin gida aƙalla sati biyu, babu biyan kuɗin wata, kuma ko babu data komai ya ci gaba da naɗa. Wuta dai kun san halin da ake ciki. Akwai inbata mai batir biyu na 200Ah, ita ke riƙe da fankoki da firij.

Masu sakawa biyu sun kawo lissafi. Na farko DVR ne, na'urar naɗa bidiyo ta kyamarorin analog, da kyamarori takwas 5MP da faifan ajiya 1TB, kuɗinsa da sauƙi. Na biyu NVR ne, na'urar naɗa bidiyo ta kyamarorin IP masu aiki da kebul irin na intanet, da kyamarori shida 4MP, ya fi tsada sosai duk da kyamarorinsa ba su kai na wancan yawa ba. Wani ɗan'uwa kuma ya ce a aiko min da ƙararrawa mai kyamara ta kamfanin Ring daga Amurka. Sannan mai wayarin ya riga ya ja wayar ƙararrawa zuwa ginshiƙin get, ko za ta yi wannan aikin? Allah ya saka da alheri.

Mai Kebul:

Wa alaikumus salam, Malam. Da wayar ƙararrawar nan zan fara, don ita ce mai haɗari. A yawancin gidajenmu mai wayarin 230V yake kaiwa makunnin ƙararrawa kai tsaye. Ƙararrawar bidiyo irin ta Amurka taransifoma take jira mai ba da 16V zuwa 24V. Ka ɗaura ta a kan wayar nan, nan take za ta ƙone, kuma wutar NEPA ce tsirara a jikin ginshiƙin da yara ke taɓawa. A cire wayar daga allon rarraba wuta gaba ɗaya. Amfaninta ɗaya: idan a cikin bututu take, a ɗaura sabon kebul a bakinta a jawo shi da ita.

Ring kuma ba ta dace da sharaɗinka ba. Bidiyonta a rumbun kamfani yake zama, idan ba ka biya kuɗin wata ba za ka ga mai ƙofa a lokacin da yake tsaye, amma babu abin da za a ajiye maka ka koma ka duba. Intanet ya yanke, ta tsaya. Ga shi da Wi-Fi take aiki, alhali tsakanin get da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, akwai ƙarfen get da bangon bulo biyu ko uku.

Tunda silin a buɗe yake, NVR mai PoE za ka yi. PoE na nufin kebul ɗaya ne ke kai wa kyamara wuta ya dawo da hoto, kuma wutar duka daga wuri ɗaya take fitowa, abin da zai sauƙaƙa maka haɗawa da inbata. Wutar PoE kusan 48V ce, tana jure nisa fiye da 12V ɗin da kyamarar DVR ke sha. Iyakar kebul ɗaya mita 100 ne, gidanka bai kai ko'ina ba.

Wurin da aka fi cutar mutane shi ne kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da wanda aka rubuta Cat6 a kwalinsa, amma cikinsa alminiyam ne da aka yi wa rufin jan ƙarfe, shi ne CCA. Ya fi jan ƙarfe hana wuta wucewa da kusan rabi, yana karyewa a bakin RJ45, kan robar da ake matsawa a ƙarshen kebul, kuma danshi na cinye shi. Alamar gidan da aka sa shi ba ta ɓuya: da rana komai lafiya, da magariba fitilun dare na kyamara su kunna, jan wuta ya ƙaru, sai ta nesa ta riƙa mutuwa tana tashi. Kafin ka biya, ka sa a feɗe silli ɗaya a kankare shi da wuƙa a gabanka. Idan fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Ko a kanga masa ashana: na alminiyam zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Kwali ɗaya mita 305 ne, zai iya isar ka idan an auna da kyau, amma kada a yi tsumulmula a kai ga yin gami a cikin silin.

Zuwa get a binne bututun roba na 25mm, zurfin kamar santimita 45, a bi kwana a hankali ba a karya shi ba. A zura Cat6 uku a ciki: na ƙararrawa, na kyamarar get, da ɗaya na ajiya. A ƙara waya mai silli biyu ta 1.5mm ko da za ka sa kwaɗon lantarki wata rana. Kada kebul ɗin ya kwana a bututu ɗaya da wayar 230V, a bar tazarar kamar santimita 30 idan suna tafiya a jere, idan kuma za ka sa wayar lantarki a kan katanga to a nisanta shi da ita sosai. A cikin silin ma a sa shi a bututu saboda ɓera. Matse kai kuma jeri ɗaya ne a ɓangarorin biyu: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A gwada kowanne da na'urar gwaji, fitilu takwas su kama ɗaya bayan ɗaya, kafin mai POP ya rufe sama.

Ƙararrawar kuwa iri biyu ce ke aiki ba intanet. Akwai Reolink mai PoE, 5MP ce, tana cin memori, tana zuwa da 'yar na'urar ƙara da ake soka wa a soket, tana kuma naɗa a NVR. Sai dai ba ta da allon cikin gida, sai an ɗauki waya. Na fi ba ka shawarar ɗaya irin: na'urar ƙofa da allon bango. A Hikvision akwai saitin DS-KIS603-P, na'urar waje da allo mai inci 7. A Dahua ta waje VTO ce, ta ciki VTH. Baƙo ya danna, allon falo ya yi ƙara, a gan shi a yi magana da shi, duk ta kebul. Tsohuwa ko yaro ba sa buƙatar wayar hannu.

Abu ɗaya da ke rikita masu sakawa: ramukan PoE na bayan NVR wata hanyar sadarwa ce ta daban, a Hikvision adireshinta na farawa da 192.168.254, a Dahua 10.1.1. Idan ka soka na'urar ƙofa a can, allon kuma yana kan rauta, ba za su ga juna ba. Sayi ƙaramin suwic na PoE mai rami huɗu, na'urar ƙofa da allon su zauna a kansa, a haɗa shi da rauta tare da NVR, sannan a shigar da na'urar ƙofar cikin NVR da adireshinta kamar kowace kyamara. Saboda haka NVR mai tasha takwas za ka saya, shida na kyamarori, ɗaya na ƙararrawa, ɗaya ya rage. Kuma ka tsaya a kan kamfani ɗaya. ONVIF, tsarin bai-ɗaya da kamfanonin kyamara ke bi, na sa hoton wani kamfani ya fito a na'urar wani, amma sau da yawa tantance mutum da mota ba ya biyo shi.

Ɗan Gwale:

Duk abin da Mai Kebul ya faɗa haka yake. Ni a kan kyamarorin zan tsaya, don adadin megafiksel da ake rubutawa a kwali shi ke ruɗar masu saye.

Tambayar da za ka yi wa kowace kyamara ita ce: a wane nisa za ta nuna fuskar da za a iya shaidawa? Ma'aunin da masu sana'ar ke bi, IEC 62676-4 bugun 2014, ya ce ana buƙatar fiksel 250 a kowace mita kafin a tantance baƙuwar fuska, 125 don gane wanda ka riga ka sani, 25 kuwa sai dai ka ce ga mutum can. Kyamara 4MP na da fiksel kusan 2560 a faɗi. Raba da 250, ka ga faɗin wurin da take kallo bai kamata ya wuce mita 10 ba. Lens na 2.8mm yana buɗewa sosai, kusan digiri 100, don haka a mita 4 ya riga ya cinye faɗin nan. Na 4mm zai kai ka kusan mita 6, na 6mm kusan mita 10. Masu sakawa na son 2.8mm ko'ina saboda hoton na cika allo yana burge mai gida, ranar da aka nemi fuska sai a tarar da ɗan ɗigo.

A gida irin naka ga yadda zan raba shidan. Ɗaya 4mm a wajen get tana kallon ƙaramar ƙofa daga gefe, ɗaya 2.8mm tana kallon layi da inda ake ajiye mota a waje, ɗaya a ciki tana kallon get da wurin fakin, biyu masu 4mm ko 6mm a lungunan gefen gida suna miƙe tsawon katanga, ta ƙarshe a baya wajen tankin ruwa da janareta. Lungun gefe siriri ne dogo, lens mai faɗi a can bango kawai zai ɗauko maka. Tsayi kuma tsakanin mita 2.5 da 3. Idan aka kai ta can ƙarƙashin rufin bene don kada a taɓa ta, hula da tsakiyar kai za ka riƙa naɗa. Na'urar ƙararrawa a sa ta wajen mita 1.4 zuwa 1.5.

Ka ce get ɗin yamma yake kallo. Wannan na nufin daga la'asar zuwa faɗuwar rana hasken zai riƙa dukan idon ƙararrawar kai tsaye, baƙo ya zama baƙar inuwa, kuma lokacin ne aka fi yin baƙi. A kunna WDR, saitin da ke daidaita haske da inuwa a hoto ɗaya, a nemi wanda takardarsa ta ce 120dB, ba na dijital ba. A yi mata 'yar rumfa, ko a kafa ta a gefen ginshiƙi tana kallon kudu ko arewa idan ginin ya ba da dama. Rumfar za ta kuma rage mata zafin rana, wanda ke sa murfin roba ya dushe.

Da dare girman sensa ne ke magana. 4MP a kan sensa 1/1.8 ta fi 8MP a kan 1/2.8 nesa ba kusa ba, don kowane fiksel ɗinta ya fi girma, ya fi kama haske. Masu hoto mai kala da dare, ColorVu a Hikvision ko Full-color a Dahua, suna da kyau a get idan akwai fitila mai kwana a kunne. A lungu mai duhu ƙirin gara mai infrared. Sannan a shiga saiti a gyara saurin ƙiftawa, wato shutter, tsawon lokacin da kyamara ke ɗauka kafin ta kama hoto ɗaya. Idan aka bar shi yadda ya zo, kyamara na rage shi da dare don hoto ya yi haske, katanga ta fito tas, amma mai tafiya ya zama hayaƙi. A tsayar da shi kada ya yi ƙasa da 1/100 a kyamarar get, a sa mitar wuta a 50Hz don kada fitilu su riƙa rawa a hoto. Gwajinsa mai sauƙi ne: bayan isha wani ya wuce da sauri ta gaban kowace kyamara, a dawo da bidiyon a tsayar a ga ko fuska ta fito. Kada ka cika kuɗin aiki sai an yi wannan.

Kada ka sa mai murfin gilashi kamar ƙoƙo a waje. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan murfin, hasken infrared ya bugi ƙurar ya dawo cikin lens, hoton dare ya yi fari fat kamar hazo. Irin turret, mai ido kamar ƙwallo ba murfi, ita ta fi dacewa da mu. Ko ita ma a kiyaye kada bango ko bakin rufi ya shigo gefen hoton, don zai ɗauke hasken ya bar sauran wurin cikin duhu. Kowace a ɗora ta kan akwatin haɗi, kan kebul ya shiga cikin murfinsa mai roba, a toshe ramuka, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗaki a ciki, ruwan Agusta kuma ya bi kebul ya shiga. Gizo-gizo na son gaban kyamara saboda ƙwarin da haske ke tarawa, sai an riƙa sharewa da tsumma mai laushi a kan sanda.

Faifai yanzu. Ana auna nauyin bidiyo da Mbps, kowane 1Mbps na cin 10.8GB a kwana. Kyamara 4MP a kan tsarin matse bidiyo na H.265, hoto 15 a daƙiƙa, 3Mbps ya ishe ta, wato kusan 32GB a kwana. Shida sun ci 194GB, ƙararrawa ta ƙara kamar 22GB, jimla 216GB. Faifan 1TB da aka rubuta maka ba zai cika kwana biyar ba. 2TB kwana tara, 4TB kwana goma sha takwas, 6TB kusan ashirin da bakwai. Sati biyunka 4TB yake nufi. A sayi wanda aka ƙera don naɗa dare da rana, WD Purple ko Seagate SkyHawk, sabo a ledarsa. Bayan an ɗaura shi a shiga shafin S.M.A.R.T. na NVR, mai nuna lafiyar faifai, a duba awannin da ya yi yana aiki, domin ana goge tsofaffi a manna musu sabuwar takarda. Kuma a bar shi yana naɗa ba tsayawa, tantance mutum ya zama alama ce kawai a kan layin lokaci. Naɗa sai an ga motsi na adana wuri, amma yakan fara a makare ko ya tsallake abin da ake nema.

Injiniyan Sola:

Malam Abu Safwan, lissafin da ba a kawo maka ba shi ne na wuta, kuma kyamarar da ba ta da wuta ƙarfe biyun dare ba ta da wani amfani.

Da dare kowace kyamara na jan kamar 6W, shida 36W. Na'urar ƙofa da allonta kamar 10W, NVR da faifai 15W, suwic da rauta 12W ko sama kaɗan. Ka ce 75W. Inbata na cin nata, don haka daga batir kusan 90W ke fita. A awa 12 ya haura 1,000Wh. Batiranka biyu na 200Ah a 24V suna ɗauke da 4,800Wh a takarda, amma batirin ruwa rabinsa ake sha idan ana so ya yi ƙarko, wato 2,400Wh. Ka ga kyamarori kaɗai sun ɗauki kusan rabin abin da kake da shi, ga firij ga fankoki a watan Afrilu. Da asuba inbata za ta yi ƙara ta mutu, da ita da kyamarorin.

Hanya biyu ce. Ko ka ƙara fanel da batir a babban layin, ko ka ware wa tsaro nasa, wanda shi na fi so: ƙaramar inbata mai tsaftatacciyar wuta, wato pure sine wave, batirin lithium LiFePO4 na 12.8V 100Ah mai ɗauke da 1,280Wh wanda ake iya shan mafi yawansa, da layin da babu soket ɗin da wani zai soka dutsen guga. A awa 24 kayan za su ci kusan 2kWh. Da ranar Kano, fanel na 550W zai mayar da shi a rana mai kyau, a lokacin hazo da damina kuwa sai da ƙari ko taimakon NEPA. Ƙaramin UPS na kwamfuta, mai riƙe ta idan an ɗauke wuta, mai batir 7Ah kada ka dogara da shi, 84Wh ne kacal, da ƙyar ya yi rabin awa. Amfaninsa cike giɓin canjin layi. Idan inbata na jinkiri wajen karɓa in an ɗauke wuta, NVR zai mutu ya sake tashi, minti ɗaya ko biyu sun tafi ba a naɗa ba, kuma yawan yankewar nan na kashe faifai. A sa inbatar a yanayin UPS, a gwada ta hanyar kashe babban makunni ana kallon allo.

Sai tsawa. Kebul ɗin da ya fita zuwa get ko ya bi katanga na iya kwaso ƙarfin aradu ko da ba a gidan ta faɗi ba, ya kawo shi bayan NVR ya ƙona ramukan. A sa abin kariya na PoE a kan duk kebul da ya fita daga ginin, a sa wani a allon wuta, duka a ɗaure su da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai danshi. Idan babu wannan sandar, abin kariyar ba shi da inda zai zubar da wutar. NVR kuma kada a cusa shi cikin silin don ɓoyo, zafin ƙarƙashin kwano zai gasa faifan. A nema masa akwatin ƙarfe mai ramukan iska da makulli a ɗakin da baƙo ba ya shiga.

Abu Safwan:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gane NVR ɗin zan bi. Sai dai da na haɗa da 4TB da batir, kuɗin ya wuce abin da na tanada. Me zan iya jinkirtawa ba tare da na ɓata aikin ba? Sannan ina so a riƙa buɗe ƙaramar ƙofa daga allon falo. Na uku, mai sakawar ya ce zai haɗa min komai a wayata ta asusunsa, wai ya fi sauƙi idan gyara ya taso.

Ummu Hanif:

Malam, wannan na ukun kada ka yarda da shi ko kaɗan. A Hik-Connect, manhajar waya ta Hikvision, na'ura asusu ɗaya take ɗauruwa da shi, mai asusun shi ne mai na'urar, sauran sai dai ya raba musu kallo. Idan asusunsa ne, yana iya buɗe kyamarorin gidanka duk lokacin da ya ga dama, kuma ranar da kuka saɓa ko ya canza lamba sai ka sha wahala kafin a kwance ta. Gida ne da iyali a ciki. Ka buɗe asusu da imel ɗinka da lambarka, kai za ka ɗauki hoton lambar QR ɗin da wayarka. In gyara ya taso ka raba masa kallo na ranar, ka janye bayan ya gama. Haka DMSS, manhajar waya ta Dahua.

Kalmar sirrin admin kai za ka rubuta ta da hannunka ranar da aka kunna na'urar, ka sa imel ɗinka a wurin dawo da ita, ka rubuta ta a takarda ka adana. Su Hajiya da yara a buɗe musu asusun kallo kawai, marar ikon gogewa. A kashe UPnP, saitin da ke buɗe ƙofofin rauta da kansa, a rauta da NVR, kada a buɗe wata ƙofa a rauta don kallo daga waje. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin naɗa ta hanyar kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, a 2021 kuma an gano wata ɓaraka babba a kyamarorin Hikvision da dama wadda sai da sabunta manhajar ciki aka toshe ta. Don haka ka sayi kayan da aka yi don kasuwar duniya daga dila na gaskiya, waɗanda ke karɓar sabuntawa, ba waɗanda aka yi don kasuwar Sin aka sauya musu harshe ba.

Ka zauna da iyalinka kafin a huda bango, a yarda da inda kyamara za ta kalla. Tsakar gida inda mata ke aiki ba mayafi, ƙofar kicin, wurin shanya, babu dalilin sa musu ido. Kyamarar lungu ta kalli katanga. Idan gefen hoton ya faɗa tsakar gidan maƙwabci, a karkatar da ita, in bai yiwu ba akwai saitin da ake zana baƙin akwati a kan wurin, ba a gani kuma ba a naɗa. Haƙƙin maƙwabtaka ne. Makirufon kyamarorin ciki ma a kashe shi.

Game da data: naɗa ba ya cin ko kaɗan, kallo daga waje ne ke ci. Ƙaramin hoto na kusan 0.5Mbps na cin kamar 225MB a awa, babban kuwa a 3Mbps ya haura 1.3GB. Kiran ƙararrawa zuwa wayar hannu yana buƙatar intanet a gida da kuma a wayar. Wayoyin Android da yawa na kashe manhaja a ɓoye don tattalin batir, sai baƙo ya danna wayar ba ta yi ƙara ba. A shiga saitin batir a cire wa manhajar takunkumi, a ba ta izinin tashi da kanta.

A saita agogon NVR a GMT+1, a kunna NTP, saitin da ke daidaita agogo ta intanet. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a cikinsa, idan ya mutu kwanan wata na komawa baya duk lokacin da wuta ta yanke, kuma bidiyon da kwanan watansa ba daidai ba yana da wuyar nema, yana da wuyar kafa hujja da shi. Kafin mai sakawa ya tafi ya koya maka fitar da bidiyo a filas, ka yi da kanka sau ɗaya, ka buɗe shi a kwamfuta. A kunna ƙarar gargaɗi ta matsalar faifai, don na'ura na iya nuna hoto a allo wata da watanni alhali ba ta naɗa komai.

Ɗan Gwale:

A nan zan ɗan sassauta wa DVR. Idan kuɗi ya matse ƙwarai, DVR mai kyau da kebul RG59, irin na eriyar talabijin, na jan ƙarfe da akwatin wuta na 12V guda ɗaya yana aiki, kuma yawancinsu na karɓar kyamarar IP ɗaya ko biyu, inda ƙararrawar za ta shiga. Sai dai a karanta takardarsa da kyau. Da yawa masu cewa 5MP a rabin faɗin hoton suke naɗawa, za ka ga an rubuta Lite, ko su rage hotunan daƙiƙa sosai. Kuma 12V na raguwa a doguwar waya, shi ke kawo layi-layi a hoto da mutuwar fitilun dare. Ga wanda ya riga yana da RG59 a bango, ya ci gaba da abinsa. Ga gidan da silin ɗinsa ke buɗe, ban ga dalilin binne shi yau ba.

Mai Kebul:

Abin da za ka jinkirta kyamarori ne, ba kebul ba. A ja duka layukan yanzu, har da na ajiya, a naɗe bakin kowanne a cikin akwatinsa a rufe. Ka fara da NVR mai tasha takwas, faifan 4TB, ƙararrawa da allonta, da kyamarori uku: ta wajen get, ta cikin get, da ta baya. Da ukun nan da ƙararrawa faifan zai riƙe fiye da wata ɗaya, jan wuta ma ya ragu zuwa wajen 55W, inbatarka ta yanzu za ta iya lallaɓawa kafin ka ware musu batir. Sauran ukun duk ranar da hali ya samu soka su kawai za a yi. Abin kariyar tsawa na layin get kuwa a sa shi kafin ruwan farko.

Ka ƙara memori a kyamarar get da ta baya, 64GB ko 128GB, irin mai jure yawan rubutu kamar SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance. Idan aka ɗauke NVR ko aka yanke kebul ɗinsa daga rauta, akwai kwafi a jikin kyamarar. Jabun memori sun yi yawa, a gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin a ɗaura.

Kwaɗo kuma, kada ka sa na maganaɗisu a ƙofar waje. Wuta ce ke riƙe shi, an ɗauke ta ya saki. Ka sa irin wanda yake a kulle sai an ba shi wuta ya buɗe, mai makulli ta waje da maɓalli ta ciki, yadda ko komai ya mutu za a iya fita. A ba shi nasa 12V ɗin ta wayar 1.5mm da na ce a binne, kada a ja daga na'urar ƙofa, don fizgar da yake yi lokacin buɗewa na iya sa ta mutu ta tashi. Sannan wayoyin da ke ba da umarnin buɗewa kada su ƙare a bayan na'urar waje, wanda ya kwance ta da sukundireba zai iya haɗa su ƙofa ta buɗe. Akwai ƙaramar na'urar tsaron kwaɗo da ake sakawa ta cikin gida, ita ke karɓar umarni daga ta wajen sannan ta saki wutar, ka ce a haɗa maka da ita. Waya ta ratsa daga ginshiƙi zuwa ganyen ƙofa ta cikin lanƙwasasshen bututun ƙarfe ta gefen hinji. Mai walda kuma ya daidaita ƙofar sosai kafin a ɗaura kwaɗon, domin ƙofar da ta sauka ko da rabin santimita ce za ta danne harshensa, ka danna a falo ka ji ƙara amma ba ta buɗe ba.